Bayanin Mizanin Biya, Watau Littafin Cinikin Ƙasa Da Sauran Ƙasashe

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halatta ciniki, ya hori bayinsa da cika mudu da daidaita ma'auni. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya yi fatauci zuwa Sham tun gabanin aike, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da fatake da dillalai na ƙasar Dutse da kewayenta, akwai wata tambaya wadda ta yawaita a zaurukan karatu da rumfunan kasuwa. Kujerar Hajji da aka sanar a shekarar 2023 ba ta cika naira miliyan 3 ba, amma a 2025 ta haura miliyan 8, alhali kuwa Makka ba ta ƙara nisa ba, kwanakin aikin kuma suna nan yadda suke. Haka takin zamani, haka maganin asibiti, haka babur. To mene ne ya taɓa su gaba ɗaya? Babban sashe na amsar yana cikin wani littafin lissafi da Babban Bankin Nijeriya yake rubutawa, yana fitar da shi bayan kowane wata uku. Larabawa suna ce masa mizanul madfu'ati, mu kuwa bari mu kira shi mizanin biya.

FASALI NA FARKO: MA'ANARSA

Ka sani, Allah ya yi maka rahama, mizanin biya littafi ne da ake rubuta dukkan ma'amalar dukiya da ta gudana tsakanin mazauna wata ƙasa da mazauna sauran ƙasashe a cikin wani lokaci ƙayyadadde, wata uku ko shekara guda. Cinikin da mutumin Kiyawa ya yi da mutumin Birnin Kudu ba ya shiga, domin dukansu 'yan gida ɗaya ne. Amma buhun riɗi da ya tashi daga Gujungu ya sauka Japan yana shiga, haka kuma bandir ɗin shadda da ya zo daga ƙasar Sin.

Abin lura a nan zama ne, ba asali ba. Masu wannan ilmi suna ƙidaya mutum mazaunin ƙasar da ya zauna shekara guda ko fiye, sai fa ɗalibi da majinyaci, waɗannan ana barinsu a lissafin ƙasarsu ko sun daɗe. Malamai ba za su yi mamakin wannan ba, tun da mun san a mazhabarmu matafiyi in ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ya daina ƙasaru, hukuncin mazauni ya hau kansa. Saboda haka Bahaushen da ya shekara yana sana'a a Jidda, a wannan littafi mutumin waje ne, abin da ya aiko wa iyayensa a Jahun kuwa kuɗi ne da suka shigo ƙasa.

Ƙa'idodin rubutun iri ɗaya ne a duniya, domin a iya gwada littafin wata ƙasa da na wata. Asusun Ba Da Lamuni Na Duniya, wanda ake kira IMF, shi ne ya tsara su, ya fara buga littafin ƙa'idar a 1948, yana kuma sabunta shi lokaci bayan lokaci. Nijeriya ta shiga wannan asusu a 1961.

FASALI NA BIYU: BABUKANSA

Babi na farko shi ne na yau da kullum, a cikinsa akwai abu huɗu.

Na ɗaya, haja: abin da ake aunawa ko a ƙirga, kamar ɗanyen mai, da gas, da koko, da riɗi, da zoɓo, da ƙaro, da fatu, waɗanda muke fitarwa, da alkama, da injuna, da magunguna, da motoci, waɗanda muke shigowa da su. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kuɗin hajar da Nijeriya take fitarwa daga mai da gas suke.

Na biyu, hidima: abin da ake biya amma ba a ɗaure shi a buhu. Ladan jirgin ruwa da na sama, da inshora, da kuɗin makarantar yaro a Masar, da jinya a Indiya, da masaukin alhazai a Makka da Madina, duka a nan suke. Hajji ibada ce mai girma, rukuni ce daga rukunan Musulunci, amma mai rubuta littafin nan ba ya auna lada, abin da yake gani shi ne kuɗin waje sun fita don biyan hidima.

Na uku, amfanin dukiya da ladan aiki: ribar da kamfanonin baƙi suke kwashewa zuwa garuruwansu, da kuɗin ruwan da ake biya a kan bashi.

Na huɗu, aike da kyauta: abin da aka bayar ba tare da an karɓi komai a madadinsa ba, mafi girmansa shi ne abin da 'ya'yan ƙasa mazauna waje suke aikowa gida.

A bisa al'ada Nijeriya takan yi rinjaye a wajen haja da wajen aike, a rinjaye ta a wajen hidima da amfanin dukiya.

Babi na biyu ƙarami ne, a nan ake rubuta irin bashin da aka yafe, da kyautar da aka bayar don gina wani abu mai ɗorewa.

Babi na uku shi ne na jari da bashi. A cikinsa akwai baƙon da ya zo ya kafa masana'anta ya zauna, riba da hasara duka da shi, wannan ya yi kama da abokin tarayya a shirka. Akwai kuma baƙon da ya sayi takardun bashi ko hannun jari kawai, takalminsa yana ƙafarsa, da ya ji motsi sai ya sayar ya tafi. Sa'an nan akwai rancen da gwamnati da bankuna suke ci. A ƙarshen wannan babi ake rubuta ajiyar kuɗin waje da take hannun Babban Banki, ita ce rumbun ƙasa.

Tanbihi: mizanin biya yana faɗin abin da ya shiga ya fita a cikin shekara ne. Jimlar abin da ƙasa ta mallaka a waje da abin da ake bin ta kuwa wani lissafi ne dabam, mai kama da ƙiyasin da ɗan kasuwa mai jujjuya haja yake yi ranar fitar da zakka, inda yake kimanta abin da ke rumfa da bashin da yake sa ran karɓa.

FASALI NA UKU: DALILIN DA YA SA KULLUM YAKE DAIDAI

Kowace ma'amala sau biyu ake rubuta ta, sau ɗaya a wajen abin da aka bayar, sau ɗaya a wajen abin da aka karɓa. Ga misali. Wani attajiri ya tara riɗi a kasuwar Gujungu ran Lahadi, ya kai Ikko, aka ɗora a jirgi, mai saye a Turkiyya ya biya dala 100,000. Magatakarda zai rubuta a dama: haja ta fita, dala 100,000. Ya rubuta a hagu: bankin attajirin nan ya sami ƙarin dala 100,000 a ajiyarsa ta waje. Bayan kwanaki wani mai shigo da babura ya zo da nairarsa ya sayi dalar nan ya biya masu ƙera su. Sai a rubuta: haja ta shigo, ajiyar banki ta ragu. Ashe riɗin Gujungu ne ya biya baburan, ko da yake manomin da mai baburan ba su taɓa haɗuwa ba.

To in masu shigo da kaya suna bukatar dala 150,000, abin da aka samu kuwa 100,000 ne, daga ina cikon zai fito? Ƙofa uku ce. Ko a ci bashi, ko a sayar wa baƙo wata kadara ko a karɓi jarinsa, ko a buɗe rumbu a ɗiba. In ƙofofin nan sun ƙuntata, sai masu neman dala su yi ta ƙara wa juna farashi har marasa ƙarfi su janye. Wannan shi ne abin da muke kira faɗuwar naira, shi ne kuma ya taɓa kujerar Hajji da buhun taki a lokaci guda.

Saboda haka in an haɗa babukan duka, dama da hagu daidai suke fitowa ko yaushe, a shekarar wadata da shekarar tsanani. In ka ji an ce mizani ya yi rara, ana nufin an ƙara a rumbu. In an ce ya yi giɓi, an ɗiba daga rumbu. Mai hankali ba ya tsayawa a kan cewa sikeli ya daidaita, tambayarsa ita ce, da me aka cika shi? Magidanci biyu suna iya kai ƙarshen shekara ba wanda ya kwana da yunwa, ɗaya da amfanin gonarsa, ɗaya kuwa ya jinginar da gonar. Cikinsu ya ƙoshi daidai, amma baɗi ba ɗaya suke ba.

FASALI NA HUƊU: DAGA GYAƊA ZUWA MAN FETUR

Kakanninmu fatake da suke bin ayari zuwa Gwanja suna tafiya da kanwa da tufafi da fatu, su komo da goro. Haja ce take biyan haja, madugu kuwa ba ya komowa da abin da ya fi ƙarfin abin da aka ɗauka. Ko wurin da ake ciniki da shi a kasuwanninmu daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kawo shi, watau kuɗin kansu sai an ba da haja ake samunsu.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama babbar hajar Arewa. A 1930 hanyar jirgi ta kai Nguru, ta ratsa Ringim da Gagarawa da Malam Madori, ƙasashen nan namu suka shiga cinikin sosai. A zamanin nan wata hukuma da aka kafa a 1912 ita take buga kuɗin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila, kowane fam da yake yawo a nan akwai madadinsa a ajiye a Landan. Don haka in kakar gyaɗa ta yi kyau kuɗi su yawaita a kasuwa, in ta ɓaci su ƙaranta, ba mai ikon buga ƙari.

A 1949 aka kafa hukumar sayen gyaɗa, a 1954 aka mai da ita ƙarƙashin hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Suna sayen amfanin manomi a ƙasa da farashin duniya, rarar kuwa aka tara ta da yawa a Landan. Daga 1955 kayan shigowa suka rinjayi na fita, aka yi kamar shekara goma ana cika giɓi da wannan ajiya da rance. Gumin manomin gyaɗa da auduga da koko shi ne rumbun farko da ƙasar nan ta ci. Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki ran 1 ga Yuli 1959, naira kuma ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairu 1973.

An sami mai a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi a 1958. Da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 1973, kuɗin waje suka kwararo irin yadda ba a taɓa gani ba. A daidai lokacin fari ya auka wa Arewa, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. A wannan shekara ta 1975 aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a bakin Ikko wata da watanni, ana biyansu ladan jira. Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi wa mutanen Masar tsarin tanadin shekarun wadata saboda shekarun fari, ga shi muna karanta ƙissar tun muna yara, amma ba a yi aiki da ita ba.

Da farashin mai ya karye, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu a Afrilu 1982. Bashin 'yan kasuwar waje ya taru ba a biya ba, aka koma sai da lasin ake shigo da kaya, mutane suka yi layi don madara da sabulu. A Satumba 1986, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka buɗe kasuwar gwanjon kuɗin waje, naira wadda ta fi dala daraja a 1980 ta gangaro. Bashi kuwa ya yi ta haihuwa saboda kuɗin ruwa da tarar jinkiri, har abin da ƙasashen ƙungiyar Paris suke bin Nijeriya ya kai wajen dala biliyan 30, biliyan kuwa shi ne miliyan dubu. A Oktoba 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka daidaita: suka yafe biliyan 18, aka biya su wajen biliyan 12, aka gama a Afrilu 2006. Wanda yake son ganin hikimar haramcin riba, ya dubi wannan.

Tarihin ya sake maimaituwa. A tsakiyar 2014 gangar mai ta haura dala 100, a farkon 2016 ta faɗo ƙasa da 30. A Yuni 2015 Babban Banki ya hana sayar da dalarsa ga masu shigo da kaya iri 41, tun daga shinkafa da siminti har tsinken sakace, ba a ɗage hanin ba sai Oktoba 2023. A Yuni 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da take wajen naira 460 a banki ta wuce 1,500 a cikin 2024.

FASALI NA BIYAR: BABIN SAHAWU

Mun ce dama da hagu daidai suke. Amma magatakarda ba a wuri ɗaya yake samun labarinsu ba: labarin haja daga kwastan, labarin kuɗi daga bankuna. In ya haɗa ya ga ba su yi daidai ba, sai ya buɗe wani layi a ƙasa ya rubuta bambancin, sunansa babin kuskure da mantuwa. Shi ne ƙabli da ba'adin wannan littafi. Sahawu kaɗan ba ya ɓata salla, amma in ya yawaita akwai magana. Babban Banki ya ce a 2023 wannan layi ya kai kusan dala biliyan 25, a 2024 ya sauko zuwa biliyan 5 da 'yan kai.

Abubuwan da suke shiga wannan rami suna da yawa: dukiyar da manya suke fitarwa a ɓoye, da man da ake sacewa, da ƙaryar farashi a takardun kaya, da bambancin ranar da haja ta fita da ranar da kuɗinta suka zo. Akwai kuma namu rabon. Duk wanda ya je Maigatari ran Alhamis ya ga shanu da raƙuma da tumaki da suke shigowa daga ƙasar Damagaram, da hatsi da kayan kanti da suke fita, ana biya da naira da sefa hannu da hannu. Ciniki ne na halal, ya kuma girmi iyakar kanta, amma da yawansa ba ya isa ga alƙalamin magatakarda. Da aka rufe iyakoki daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, mutanen bakin iyaka sun sha wuya ƙwarai. Cinikin da ba a rubuta ba, mai yanke hukunci a Abuja ba ya ganin girmansa, balle ya ji nauyin tsai da shi.

FASALI NA SHIDA: YADDA AKE KARANTA RARA

Babban Banki ya sanar cewa a 2024 mizanin Nijeriya ya yi rarar dala biliyan 6.83, bayan giɓin fiye da biliyan 3 a kowace ɗaya daga shekaru biyu da suka gabace ta. Rumbu ya kai wajen biliyan 40 a ƙarshen shekarar, aiken 'ya'yan ƙasa mazauna waje ya kusa biliyan 21. Wannan abin godiya ne, amma sai a tambaya, da me aka cika?

Wani sashe alheri ne tsantsa: man fetur da ake sayowa daga waje ya ragu, matatar Dangote ta fara fitar da fetur a Satumba 2024, hajar da ba mai ba kuma ta ƙaru. Wani sashe kuwa daga ƙunci ya fito, domin da naira ta faɗi jama'a sun kasa sayen kayan waje, tsadar kaya ta kai kusan kashi 35 cikin 100 a Disamba. Gidan da ya daina sayen nama da mai lalle kuɗin cefanensa za su yi saura, amma ba a ce masa ya yi arziki. Wani sashe kuma na baƙin nan ne masu takalmi a ƙafa: jarinsu ya haura biliyan 13, saboda Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har kashi 27.5, alhali jarin masu kafa masana'anta su zauna bai wuce biliyan 1 da kaɗan ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

HATIMA

Ya ku fatake, riɗin Jigawa yana zuwa Japan da Turkiyya da Sin, zoɓonmu kuma Meksiko tana cikin manyan masu sayensa. Duk wanda ya zuba yashi a buhu, ko ya jiƙa haja don ta yi nauyi, ko ya fesa maganin da masu saye suka hana, ya ci amanar mai saye, ya kuma jawo a ƙi hajar ƙasa gaba ɗaya. Ku tsabtace, ku cika awo. Mai fitar da kaya ya cike takardar da ake kira NXP a bankinsa, ya komo da kuɗin gida cikin kwana 180 kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ayar bashi a Suratul Baƙara ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubutu da shaida ta sauka. Ko da yake ta sassauta a cinikin hannu da hannu, fa'idar rubutu ba ta ɓoyu ga kowa ba.

Ya ku manoma, dalar da ba a kashe ba daidai take da dalar da aka samu. Ga dabino yana yi a Dutse, har gwamnatin tarayya tana da tashar bincikensa a nan, amma da azumi ya kama sai ka ga na ƙasashen waje ya cika faifan masu talla a Shuwarin. Ga fadamar Haɗeja tana ba da alkama da shinkafa da rani, alhali mafi yawan alkamar burodinmu a jirgin ruwa take zuwa. Kowane kwando da muka noma a nan ya rage wa masu layin dala mutum ɗaya.

Ya ku malamai, ku sanar da almajirai wannan lissafi kamar yadda kuke sanar da su hisabin gado, domin in an zo musu da labarin rara ko giɓi su san abin da za su tambaya.

Ya ku mahukunta, ku sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa hanyar rubuta cinikinsa a bakin iyaka, ba tare da shingaye da tatsa ba, domin tsoron tatsa ne yake kai mutane hanyar daji. In shekarar wadata ta zo ku cika rumbu, in za ku ci bashi ku dubi wanda zai biya, zama yaran da suke wanke allo yau su ne za a bi.

Allah ya sa albarka a nomanmu da cinikinmu, ya tsare mu daga nauyin bashi da rinjayen mazaje, ya nauyaya mizaninmu ranar da ba sahawu a littafi. Amin.

Wassalamu.